Doña Leonila da Abin da ke Aljihun Maƙwabcinta

Duk wanda ya san Doña Leonila, wato Uwargida Leonila, a ƙauyen Loma Fría ya san ta da hali biyu. Ba ta share saƙar gizo-gizo a bayan ɗakinta, kuma ba ta karɓar kyautar da ba ta san dalilinta ba. Ko lemo ka miƙa mata, sai ta juya shi sama da ƙasa, ta dube ka, kafin ta ce an gode.

A nan aka haife ta, can saman duwatsun Veracruz na ƙasar Meksiko, inda gajimare ke saukowa ya kwanta a kan gonakin kofi tun rana ba ta yi sanyi ba. Tun tana yarinya take tsinkar kofi da kwando ɗaure a ƙugu, har yatsunta suka saba da lanƙwasa ko ba ta riƙe da komai. Ta auri Melitón mai gyaran rufin gidaje. 'Ya'yansu suka girma, suka gangara birni ɗaya bayan ɗaya. Da Melitón ya rasu sai gidan ya rage daga ita sai kaji, sai kuma tsuntsayen.

Cuparosa ake ce musu, wato masu tsotson fure. Akwai manya, kore shar, masu neman faɗa kamar 'yan tasha. Amma waɗanda take kira nata ƙananan ne, waɗanda ba su fi babban yatsanta tsawo ba. Baƙo idan ya ji ƙugin fukafukansu sai ya kare fuska, ya ɗauka wani ƙaton ƙudan zuma ne. Namijin yana da maƙogwaro ja mai shiga shunayya, wanda ba ya bayyana sai rana ta haska shi ta gefe. Ba sa son tsakiyar daji, ba sa son fili fetal. Bakin daji suke so, inda manyan itatuwa suka ƙare, ciyayi da furanni suka fara. Gidan Leonila kuwa shi ne na ƙarshe kafin daji.

Melitón ne ya dasa mata mirto a jikin shinge shekarar da suka tare, wani tsiro mai jajayen furanni kamar ƙananan kakaki. Tun daga lokacin ƙananan suka maida gidan wurin cin abincinsu. Gari na wayewa suke zuwa. Manyan su kama furannin sama suna korar juna, su kuwa su sulale ta ƙasa-ƙasa, wutsiya a ɗage, su bi fure bayan fure, su tafi, su dawo idan zuma ta sake taruwa. Haka suke yi har faɗuwar rana, domin cikinsu ba ya ajiya. Kuma ba zuma kaɗai ke riƙe su ba. Suna tsintar ƙananan ƙwari a cikin saƙar gizo-gizo, matan kuma su ja zaren su ɗaure sheƙa da shi. Shi ya sa tsintsiyar Leonila ba ta kai wa can.

Akwai guda ɗaya da ta fi sani, mai wutsiya a ɗan karkace. Saje take ce masa, saboda yadda yake bin layin mirto daga wannan ƙarshe zuwa wancan kamar mai duba sojoji. Tana yi masa faɗa yadda take yi wa Melitón, kuma shi ma ba ya tanka mata.

A shekarar da wannan abu ya faru, damina na ja da baya ta fara lura cewa ƙananan sun ragu. Da farko ta ce ko wani itace ne ya yi fure a daji suka bi shi. Sun saba yin haka, su dawo. Amma wannan karon ba su dawo ba. Saje ma sai ya leƙo da safe, ya taɓa fure biyu uku, ya ɓace.

Sai wata safiya ta ga rassan mirto sun yi giɓi ta wajen hanya. Ta tsuguna ta duba. Ba cin akuya ba ne, akuya tana yagewa ne. Wannan yanka ne na wuƙa, a karkace, a ƙasan gaɓa, irin na wanda ya san dashe.

Ta miƙe a hankali, ta dubi gidan da ke ƙasa da nata.

Don Fortino, wato Malam Fortino, ke zaune a can, abokin Melitón tun suna samari, mai jigilar buhunan kofi da alfadari. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Mutum ne da bai taɓa damuwa da gemunsa ba, rigarsa kuma kullum warin alfadari take yi. Amma a 'yan watannin nan ya canza. Ya fara aske. Ya fara shafa wa gashinsa wani mai da ke riga shi isowa. Ran nan ya ajiye mata itacen girki a bakin ƙofa, wata rana lemo, wata rana zumar daji a kwalba. Sannan ya kafa dogon shingen kara a bayan gidansa, inda babu abin karewa sai kashin alfadari.

Da ya zo wucewa da yamma ta tare shi.

"Don Fortino, wannan shingen fa? Zinariya ka binne?"

"Iska ce, Doña Leo. Tana damun alfadarin."

"Alfadarin da ya tsufa a cikin iskar nan, yau ne ya san tana da sanyi?"

"Tsufan ne ai. Ni ma da ban san sanyi ba."

"Wani yana yanka mini mirto."

"Kai! Mutane ba su da tsoron Allah." Ya faɗa yana kallon kunnen alfadari, ba fuskarta ba.

Ran kasuwa Agripina ta biyo da labari. Ita ce ta riƙe ɗan farin Leonila a coci ranar baftisma, don haka komadre suke kiran juna, kuma babu abin da ke shiga kunnen Agripina ya kwana. Ta zauna kusa da murhu, ta ɗauki tortiya, wainar masara, mai zafi daga kan kasko ba tare da an miƙa mata ba.

"Komadre, kin san wa na gani a rumfar mai magani?"

"Ke me ya kai ki rumfar mai magani?"

"Gwiwata. Bar zancen gwiwata. Saurayinki na gani."

"Allah ya kiyaye bakinki. Ni ina na ga saurayi?"

"Mai alfadari mana. Ya ja hula har kan hanci wai kada a gane shi, alhali warin man gashinsa ya cika layin. Mai maganin, wata mata, ta yi ta yi masa raɗa. Da zai tafi ta miƙa masa jan zare, ya cusa a aljihu kamar wanda ya yi sata."

Leonila ta tsaya da hannu a cikin ƙullun masara.

Babu wanda ya girma a yankin da bai san aikin jan zare a hannun namijin da ke neman mace ba. Cuparosa ake samowa, a busar da shi, a shafa masa zuma, a naɗe shi da jan zare tun daga baki har wutsiya. Mutum ya sa shi a aljihun ƙirji, ya riƙa kiran sunan matar. Wai yadda tsuntsun ba ya iya rabuwa da fure, haka ita ma ba za ta iya rabuwa da shi ba. Kuma an ce ƙaramin ya fi ci.

"Wa yake nema?" Leonila ta tambaya, ko da yake ta sani.

"Wa yake kai wa lemo? Ni dai ban ga ko ɓawo ba." Agripina ta yi dariya har ta ƙware. "Ki godewa Allah, komadre. A shekarunmu wa zai ɓata zare a kanmu?"

Leonila ba ta yi dariya ba. Ba asirin take tsoro ba, ta san kanta, babu gawar tsuntsun da za ta juya ta. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne ƙananan da suka ɓace. Nawa ya kama? Nawa suka lalace masa kafin ya iya naɗin? Mutumin da ya ɗauki makarar Melitón a kafaɗarsa, shi ne zai zauna a bayan shinge yana murɗe wuyan abin da Melitón ya bar mata? Ta yanke a ranta cewa idan ta tabbatar, ba zai ƙara taka ƙofarta ba, kuma ko a hanyar coci ba za ta ƙara amsa gaisuwarsa ba har ɗayansu ya mutu.

Daga ranar ta daina taɓa kyautarsa. Lemon ta ba kaji, ta tsaya tana kallo ko za su bi shi gida. Zumar ta juye a rami. Idan ya gaishe ta, aljihun rigarsa take kallo kafin fuskarsa. Da ya lura, sai ya fara ɗora hannu a kan aljihun idan ya hango ta, wannan kuwa ya ƙara mata tabbaci.

Sai iskar arewa ta sauko, irin wadda ke zuwa da yayyafi siriri ta kwana tana kaɗawa. Da gari ya waye raɓa ta daskare a kan ganyen kabewa. Leonila ta fito da mayafi ta tsaya a gaban mirto. Manyan sun zo, a makare, suna kumbure-kumbure. Ƙananan kuwa ko ɗaya babu. Saje, wanda bai taɓa fashin leƙowar safe ba, shiru.

Ba ta bi hanya ba. Ta ratsa ta cikin gonar kofi, ganye na jiƙa mata zane, har ta iso bayan shingen Fortino. Ta sami inda kara ya yi rata, ta sa ido.

Mirto ne. Nata ne, ta gane shi kamar yadda ake gane jika da kamannin kaka. Layi-layi, ya yi fure jajir, ya fi nata ma kyau saboda takin alfadari. A tsakiya ga Fortino tsaye, ya juya mata baya. Ya miƙa hannu cikin reshe a hankali, ya ɓamɓaro wani ɗan abu, ya dube shi a tafin hannunsa ya daɗe. Sannan ya naɗe shi a hankici, ya sa a aljihun ƙirji, ya waiga hagu da dama.

Ta zagaya ta ƙofar gaba ta buga.

"Doña Leo! Da sassafen nan? Lafiya?"

"Wutata ce ta mutu. Na zo ɗibar garwashi."

"Ba ki zo da kasko ba."

"Na manta. Zan sha kofi tukuna, in kana da shi."

Tsawon zamansu na maƙwabtaka ba ta taɓa zama a ɗakin girkinsa ba. Ya rasa inda zai sa kansa. Ya goge kujera da hannun riga, ya ɗora tukunya, ya fasa mazarƙwaila ya jefa a ciki. Ita kuwa ta ja kujerar ta zauna daidai inda za ta fuskanci aljihun. Ga ɗan tudun nan a ƙarƙashin yadi, bai fi ƙwayar dabino ba.

"Zauna mana, Don Fortino. Matso kusa da wuta, kana rawar sanyi."

Ya zauna a bakin murhu, ya harɗe hannuwa a ƙirji.

"Me ke aljihunka?"

"Taba."

"Ka daina shan taba tun shekarar da likita ya tsorata ka."

"Ta baƙi ce."

"To ga baƙuwa. Miƙo."

"Haba, Doña Leo, ke da taba?"

"Yau zan koya."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya tashi ya zuba kofi, ya dawo ya zauna. Ya kawo zancen sanyi, ya kawo zancen tsatsar da ke cin ganyen kofi, ya kawo zancen kofaton alfadari. Ta bar shi ya yi ta zuba. Kofin na hannunta, ba ta kai shi baki ba. Wuta ta kama sosai, ɗakin ya ɗumama, gumi ya fara tsattsafo masa a goshi.

"Agripina ta gan ka a rumfar mai magani," ta ce.

"Agripina tana ganin abin da ko Allah bai halitta ba."

"Na ga mirtona a bayan shingenka."

Ya kau da kai wajen murhu.

"Nawa ka kashe?"

"Ban kashe ko ɗaya ba! Na rantse da kabarin Melitón."

"Kada ka ƙara sa sunansa a bakinka. Da idona na ga ka..."

Ba ta ƙarasa ba. Aljihun ya motsa.

Fortino ya dubi ƙirjinsa. Tudun ya sake motsi, sannan wani siririn ƙugi ya fito daga cikin yadin, kamar ƙudan zuma a cikin kwalba. Tsohon ya zabura tsaye, kujera ta kife, fuskarsa ta yi fari fat.

"Wayyo Uwar Allah! Matacce ne fa! A sandare na same shi, yana rataye da kai ƙasa!"

"Kada ka danne shi, wawan tsoho! Cire hannunka!"

Ita ta zura yatsunta na tsinkar kofi cikin aljihun, ta zaro hankicin, ta warware. Saje ne. Ga wutsiyar nan a karkace. Idonsa ɗaya a buɗe, jikinsa na karkarwa kamar ganye, fukafukan na gwada kansu.

Nan take ta gane. Ta taɓa ganin haka tana yarinya. Idan sanyi ya yi tsanani, ɗan abin da suka ci da yamma ba ya kai su safe, sai su saki jiki su yi kamar sun mutu, ƙafa a damƙe da reshe, numfashi ba ya ko jiyuwa. Ɗumin rana ke tashe su. Wannan kuwa ɗumin ƙirjin Fortino da na murhu ne suka tashe shi.

"Fure! Je ka tsinko mini fure, wanda ya buɗe yau. Yi sauri, cikinsa babu komai."

Ya fita da gudu irin wanda ba a san yana da shi ba, ya dawo da reshe guda. Ta fito bakin ƙofa inda rana ta fara taɓawa, ta kara bakin furen a kan dogon bakin tsuntsun. Shiru. Ta canza wani. Sai ga ɗan harshe kamar zare ya fito, ya koma, ya fito. Ya shanye wannan, ta ba shi na gaba. A fure na nawa ne ba ta sani ba, ta ji tafin hannunta ya yi sakayau. Ya tsaya a iska daidai hancinta, maƙogwaron ya kama rana ya yi wal, sannan ya haura shinge ya tafi.

Suka tsaya su biyu, suna bin sa da kallo. Can ta miƙa hannu.

"Zaren."

Ya ciro shi daga aljihun wando, ya ɗora mata a hannu, kansa a ƙasa.

"Faɗa mini gaskiya, kuma kada ka rage."

"Mai maganin ta ce in kawo ƙarami. Na ce a ina zan samu, sai a gidanki, kuma a gidanki ba zan iya ba. Shi ne na yanki mirton na dasa, don su zo nan." Ya share hanci. "Suka zo kuwa. Nan babu manyan da ke korarsu. Na yi tarko da gashin wutsiyar alfadari, Doña Leo, ban taɓa ɗana shi ba. Kullum sai in ce gobe. In zauna in yi ta kallonsu har kofi ya huce. Yau da na gan shi a sandare sai na ce to, Allah ya ba ni ba tare da na kashe ba."

"Da ban zo ba fa? Da ka naɗe shi da rai."

Ya dubi aljihun, wanda yanzu ba komai a ciki.

Ta daɗe tana kallonsa. Bai kashe ba, wannan ta yarda, domin mutumin da ya tsorata haka da motsin aljihunsa bai taɓa riƙe tsuntsu mai rai a hannu ba. Amma ya yi niyya, kuma ya yi mata ƙarya a kan alfadari, da taba, da mutanen da ba su da tsoron Allah.

"Kana da baki," ta ce. "Tun muna da haƙora kake da shi. Me ya hana ka zo ka yi magana kamar mutum?"

"Ke fa ko lemo sai kin bincike shi."

"To ai ga dalili ka gani."

"In na yi maganar yanzu fa?"

"Yanzu ba ka da bakin magana. Ɗauko adda ka sare shingen nan, tun daga wannan ƙarshe har wancan. Ina so in riƙa hango furannin daga ƙofata. Tarkon kuma ka kawo shi in sa a wuta da hannuna. Saƙar gizo-gizon da ke jikin rumfar alfadari, kada ka kuskura ka share."

Kafin rana ta take shingen ya kwanta. Jan zaren kuwa ta ɗaure waken da ke hawa sanda da shi, inda kowa zai gani. Agripina ta gani, ta kai labarin har cikin gari, ta ƙara masa gishiri.

Yanzu mirton gidajen biyu ya haɗe ya zama layi ɗaya. Ƙananan suna farawa daga na Fortino da safe, inda rana ke fara sauka, su hauro nata idan manyan sun ƙoshi sun yi sanyi. Ba a ɗaura aure ba, ba ta kuma ce ba za a ɗaura ba. Fortino yakan hauro shan kofi idan ya gama ba alfadari ciyawa, ya tsaya a bakin ƙofa ya cire hula.

"Barka da asuba, Doña Leo."

"Juya su."

Sai ya zazzage aljihunansa ɗaya bayan ɗaya, na riga da na wando, ya bar su a waje kamar kunnuwan zomo. Ta duba, ta duba cikin hular ma. Sannan ta matsa ta ba shi hanya.